Abincin da Aka Ajiye wa Tasalla

Tun ranar da muka dawo ƙafa ba ta ɗauke daga gidanmu ba. Ladi ta zo, Mairo ta taso tun daga Amarawa, ke ma Asabe kin aiko da wasiƙa daga makaranta, kuma tambayarku ɗaya ce. Yaya ƙasar Faransa ta tsallaken iyakarmu, da gaske ne an buɗe kan Yaya Habsu an rufe, me muka ci, me muka gani. Nakan ce lafiya lau, alhamdu lillahi, in kawo zancen zafin bana. Bakina ba ya iya faɗar sauran a gaban Inna. Shi ya sa na ɗauko littafin lissafina na ajin ƙarshe, wanda ya rage da shafuka, na ce bari in rubuta sau ɗaya. Ku karanta ku mayar mini, kuma kada wadda ta karanta shi da ƙarfi a tsakar gida.

Ga wadda ba ta san asalin abin ba, Yaya Habsu ta girme ni da shekara shida. Tana 'yar sha huɗu ɗakin Inna ya rufta da damina, azara ta same ta a ka. Ta warke, amma ƙashin ya lotsa ta hagu, wurin da yatsa biyu ke shiga, bayan wata bakwai kuma farfaɗiya ta fara. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an hana ta naman akuya. Bara sau biyu tana faɗuwa dab da murhu. Kawu Isa, ƙanen Inna, mai kai goro da atamfa Ƙonni, shi ya zo da labarin wani likita Bature a asibitin mishan can gabas da Ƙonni, wai yana ɗaga ƙashin kai in ya danne ƙwaƙwalwa. Baba ya yi wata biyu yana istihara kafin ya yarda. Ni aka zaɓa in raka ta, don Baba ya ce, "In sunka ba da takarda, wa za shi karanta?"

Daga Illela zuwa iyaka ba tafiya ba ce, muna yara har can muke zuwa itace. Amma ban taɓa tsayawa gaban rumfar masu tsaron iyakar da kaina ba. Sanda ce a gicciye bisa gwafa biyu, da wani gardi mai jar hula yana cin goro. Kawu ya miƙa masa takardar wucewa, wadda su suke kira lasfase. Ya kira sunayenmu ɗaya ɗaya muna amsawa, sannan ya nuna Yaya da haɓa.

"Wagga mi ka damunta?"

"Ciwon kai," in ji Kawu.

"Ciwon kai har da lasfase? Ku mutanen Ingilishi kun ji daɗi. Mu nan ɗaure shi muka yi da tsumma mu tahi gona."

Yaya ta ce, "To ka ara mini tsumman naka in koma gida." Ya yi dariya har goro ya shaƙe shi, ya ɗaga sandar. Haka Yaya take a da, kun san ta. Ba a faɗa mata ɗaya ta kasa mayar da biyu.

A Ƙonni muka kwana biyu gidan mai masaukin Kawu, muna jiran mota. Mutanen can Hausarmu ɗaya da su, fuskokinmu ɗaya, rabin garin ma danginmu ne, amma suna ce mana mutanen Ingilishi kamar da jirgi muka zo. Motarsu ta hannun dama take bi. Ban sani ba, na duba inda na saba dubawa na taka titi, keken wani ma'aikacin gidan waya ya kwashe mini ƙwaryar nono. Ya zage ni da Faransanci, ya koma ya ba ni haƙuri da Hausa. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawon yana yanka dasashi. Furarsu ta fi tamu nono, ta kuma fi tamu tsami, kuma da ita suke wuni, tuwo sai da yamma. Matan gidan suka kewaye ni suna tambaya ko gaskiya ne a makarantarmu ana sa 'yan mata tsalle da safe a fili. Na ce gaskiya ne. Wata tsohuwa ta ce, "To da kunka gama tsallen mi kunka samu?"

Yaya kuwa ta aiki Kawu kasuwa ya sayo mata kilishi, ta barbaɗa masa yaji har ya yi ja, tana ci hawaye na zuba. Na ce ta rage. Ta ce, "Malama Boko, ƙyale ni. In za a buɗe mini kai, a iske ni a ƙoshe."

Mota ta ɗauke mu bisa buhunan gyaɗa, wuni guda muna ƙwaruwa da juna. Asibitin ɗakuna ne dogaye na jar ƙasa da rufin kwano, masu jinya kuma suna zaune ƙarƙashin itatuwa, kowa da duwatsunsa uku na girki. Ba zan daɗe a kan aikin ba, don ban ga komai ba sai ƙofa. An aske mata kai tas ran Litinin, an shiga da ita ran Talata da hantsi, an fito da ita bayan azahar da kai a naɗe kamar mai rawani. Da ta farka ta gane ni, ta kira sunana. Kwana ashirin da biyu muka yi a can, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Sai dai maganarta ta ragu. Ka tambaye ta, ta dube ka, ta daɗe, sannan amsar ta iso kamar daga wani ɗaki ta taho.

Matsalar da ba wanda ya faɗa mana tun a gida ita ce ta ciki. Akwai magani na ruwa cikin kwalba mai ruwan ƙasa, cokali ɗaya safe ɗaya yamma, wanda zai tsare farfaɗiyar har kan ya gama haɗewa. Malam Musa, malamin asibiti da ke yi wa likita tafinta, ya zaunar da ni ranar sallama ya rubuta mini dokokin da Hausar boko, yana rubutawa yana bayani. Gishiri yana kore maganin daga jiki, don haka ba gishiri, ba kanwa. Kada ta sha shi da cikin wofi, zai dawo. Maganin yana ɗaure ciki, amma kada a ba ta filasko ko wani abu mai sa gudawa, kuma kada ta yi yunƙuri in ta zaga, don ɗinkin bai nuna ba. A ba ta ruwa da yawa, da jiƙon tsamiya, da ganye, abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ya ajiye alƙalami ya ce, "In ba ta ci ba, magani ba shi zama. In magani bai zauna ba, za ta faɗi. In ta faɗi bisa wajen nan," ya taɓa kansa ta hagu, "ba sai na ƙarasa miki ba."

Na karɓi takardar na soke ta cikin lalitata. Ranar ke nan kwana huɗu rabon Yaya da bayan gida.

Likita ya hana mota saboda girgiza, sai Kawu ya sama mana amalanken shanu na wani mai kai albasa Ƙonni. Aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin buhuna, na riƙe mata zane a ka saboda rana. A zangon farko na dama mata kunu, ta kai baki ta kawar da kai. Na yi mata tuwo da miyar kuka babu gishiri, na ɗanɗana, ni kaina na ji kamar ina lasar bango. Ta ci loma biyu don kada in yi kuka. Na ba ta magani, kafin a ɗaure wa shanu karkiya ya dawo. Da yamma ma ya dawo. Washegari na taɓa cikinta na ji shi kamar ƙwarya a kife. Wajen hantsi fatar idonta ta hagu ta soma rawa, tana tanɗe baki ba komai a ciki. Shekara goma sha biyu muna ɗaki ɗaya, na san abin da ke biyo bayan wannan. Na rungume kanta a ƙirjina ina karanta duk abin da ya zo bakina. Bai zo ba a lokacin. Amma na san yana kusa.

Ana cikin haka ƙafar amalanke ta tsage a wani kwari. Mai amalanke ya ce akwai gari bayan tudun nan, da maƙeri a ciki.

Kawu ya hana ni faɗar sunan garin, ni ma ba na so. Mun shiga da tsakar rana, muna riƙe da Yaya ni da shi. Gidaje kamar ashirin ne na kara, da wata babbar tsamiya a tsakiya. Akwai mutane, ba kango ba ne. Mata na daka, wani na saƙar igiya. Amma muna shiga dakan ya tsaya. Ba wanda ya yi mana sannu da zuwa. A wajenmu baƙo bai kai bakin zaure ba an tare shi da ruwa. Nan kuwa kallonmu kawai suke, kuma na lura ba ni suke kallo ba, ba Kawu ba. Kallabin Yaya ya zame a hanya, askakken kanta yana waje.

Mai gari ya karɓi maza, ya ce a kai mu gidan wata tsohuwa, Iya Kulu, don ita kaɗai take, akwai wuri. Doguwa ce siririya, idonta ɗaya ya yi fari. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na kwantar da Yaya, na ce, "Iya, don Allah ki ara mini murhu. Yayata ba ta da lahiya, kuma ba ta cin gishiri."

Ta tsaya cak da buta a hannu.

"Mi kic ce, ɗiyata?"

"Ba ta cin gishiri. Ko kanwa. Likita ya hana."

Ban ga alamar ta ji zancen likita ba. Ta ajiye butar a hankali, ta durƙusa gaban Yaya, ta kai hannu. Na mayar mata da kallabin tun kafin mu shigo gidan, ɗinkin ba ya ganuwa, amma tafin tsohuwar bai yi lalube ba, ya sauka daidai wurin, ta hagu, sama da kunne. Ta bar shi can. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, ban ƙirga goma ba ta fito da ƙwarya a rufe da faifai.

Fate ne na tsakin gero, da yakuwa da rama, da dakakkiyar gyaɗa, an tsinka shi da ruwan tsamiya, ya huce sarai. Na sa yatsa na ɗanɗana. Babu gishiri. A dafe yake tun kafin mu shigo garin.

Iya Kulu ta zaunar da Yaya, ita ta zauna bayanta ta jingina ta da ƙirjinta kamar jinjira. Ta ajiye ƙwaryar a cinyar Yaya, ta sa hannu ta ɗebo ta ci da kanta. Ta sake ɗebowa da hannun nan da ya fito daga bakinta, ta ce, "Ci, Tasalla."

Yaya ta buɗe baki.

Asabe, kin tuna malamar tsafta ta koya mana cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, har na ci jarrabawar. Amma a gidanmu, kamar kowane gida, Yaya tana da kwanonta da moɗarta, Inna ta ɗaura musu jan zare. Tun tana 'yar sha biyar ba wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da ita. Har ni. Ban taɓa tunanin abin ba sai da na ga tsohuwar nan tana ci tana ba ta, loma ɗaya ita, loma ɗaya Yaya, a hankali, tana hutawa tsakani, har suka kai rabin ƙwarya. Na jira kamar yadda aka ce, na ba da cokalin magani. Na zauna ina kallon maƙogwaronta har la'asar. Bai dawo ba.

A bakin rijiya wata maƙwabciya mai goyo ta faɗa mini, da murya ƙasa-ƙasa. Iya Kulu tana da ɗiya ɗaya, Tasalla, mai faɗuwa. Tana da tabo a ka ta hagu, inda dutsen murhu ya taɓa sara ta. Shekara bakwai da suka wuce ta tafi itace ba ta dawo ba. An sami gammonta da igiyarta a gindin wata kuka, ba jini, ba sawu. A garin nan sun yarda cewa mai faɗuwa, mutanen ɓoye ne ke jansa, wata rana kuma su tafi da shi gaba ɗaya. Wanda ya ci abincinsu ba ya ƙara iya cin gishiri. In sun sako shi yakan dawo da askakken kai, ba ya son magana. Tun ranar Iya Kulu kullum sai ta yi girki biyu, ɗaya nata, ɗaya babu gishiri, ta rufe ta ajiye. In yamma ta yi ta kai gindin tsamiya ta juye.

Na ce, "Amma kun san ba ita ba ta. Mu daga Illela muke. Uwarmu tana nan da rai."

Matar ta gyara goyonta. "Huska ba komi ba ta," ta ce. "Sukan canza musu."

Da na koma na iske mutane a gidan. Ɗaya ɗaya suke shigowa, su cire takalmi, su tsuguna nesa kaɗan. Ba hayaniya, ba guɗa. Kowa ya ce, "Tasalla, kin dawo lahiya?" Yaya kuma, wadda sai ka jira ta kafin ta amsa maka, tana cewa, "Lahiya lau," nan take, ga kowa. Wani dattijo ya ce, "Kin gane ni?" Ta dube shi ta yi murmushi. Tun da aka yi aikin ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Kawu ya kira ni bayan dangar gidan, fuskarsa a murtuke. An gyara ƙafar amalanke, ya ce, da asuba za mu tashi. "A'uzu billahi. Wanga aikin jahiliyya na, Rabi. Mu ɗiyan malamai muna zaune ana kiran ɗiyarmu da sunan matacciya? Yanzu zan shiga in faɗa ma tsohuwar nan gaskiya."

Abin da na yi a nan shi ne na fi jin nauyin rubutawa. Na ciro takardar Malam Musa daga lalita, na buɗe, na sa yatsa a kan layin da ke maganar filasko, na karanta wa Kawu da muryar makaranta: "Duk inda mara lafiya ta fara cin abinci, a bar ta nan kwana uku, kada a canza mai ba ta, kada a ɓata mata rai." Babu wannan a takardar. Kawu ya iya ajami, ya sauke Alƙur'ani, amma boko baƙi ne kawai a wurinsa. Ya leƙa takardar ya daɗe, ya ce, "Haka Bature yac ce?" Na ce haka ya ce. Ya yi tsaki ya koma zauren mai gari. Mai amalanke bai damu ba, kasuwar Ƙonni sai Laraba, albasa kuma ba ta gaggawa.

A kwana ukun nan na zama 'yar koyo. Shekara bakwai tsohuwar tana girkin da ba gishiri, ta san abin da ba a rubuta mini ba. Tsami ke tsayawa a madadin gishiri, in ji ta, yakuwa ko tsamiya ko gasarar da ta kwana. A soya gyaɗa har ta yi ƙamshi kafin a daka. Kada a kawo abinci da zafinsa, tururin ne ke tayar da zuciya. Da safe, kafin komai, jiƙon tsamiya da ya kwana, da ɗan man shanu a cikin kunu. Da rana ɗanyar kuɓewa a kaɗa ta yi yauƙi. Bayan kowane ci ta sa Yaya ta zaga tsakar gida sau uku tana riƙe da ita, sannan ta kwantar da ita ta shafa mata ciki da man shanu, daga dama zuwa hagu, tana wata 'yar waƙa da ban gane kalmominta ba. Sau shida ko bakwai suke ci a wuni, kullum ƙwarya ɗaya, kullum da sunan nan. Maganin bai ƙara dawowa ba. Rawar idon ta tsaya.

Na sami Yaya ita kaɗai sau ɗaya, Iya ta tafi roro. Na ce, "Yaya, kin san sunanki?"

"Na sani."

"To faɗi."

Ta dubi wajen tsamiyar da ke leƙowa ta saman danga. "Bar ni, Rabi," ta ce. "Cikina ya yi nauyi."

A rana ta uku da hantsi ta miƙe da kanta. Ban taɓa ganin inda Iya ke ajiye ƙaramar butar zagawa ba, ni da tawa nake amfani, Yaya kuma tun zuwanmu ba ta bar gaban gidan ba. Ta wuce bayan rumbu, ta sa hannu ƙarƙashinsa ba tare da ta duba ba, ta jawo buta, ta bi wata 'yar hanya tsakanin dangogi biyu wadda ni ban san da ita ba. Na bi ta na tsaya daga nesa ina cewa kada ta yi yunƙuri. Ba ta daɗe ba. Ta fito fuskarta a sake, ta ce, "Alhamdu lillahi." Kwana tara ke nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san na murna ba ne ko na me. Labari ya zaga garin kafin azahar, mata suna zuwa yi wa Iya barka. Kawu ya ce ya yi fatauci har Agadas bai taɓa ganin garin da ake barka da wannan ba.

Na ɗauka ranar tafiya za a yi rigima. Na shirya maganganu, Kawu ya shirya fushi. Iya Kulu kuwa ta ɗaure mana tsakin gero da busasshiyar yakuwa da curin tsamiya a tsumma, ta raka mu har bakin amalanke, ta gyara wa Yaya kallabi. Na kasa daurewa na ce, "Iya, ki yahe muna." Ta juyo da farin idon nan wajena.

"Ba a riƙe su, ɗiyata. In anka riƙe su faɗuwa suka yi. Ku tahi. Ta san hanya yanzu."

Ba ta yi kuka ba. Mutanen garin suna tsaye ƙarƙashin tsamiya har muka hau tudu, ba wanda ya ɗaga hannu.

A sauran hanyar abin da ta ɗaure mana muka ci, ya kai mu Ƙonni. A iyaka gardin nan ne dai mai jar hula. Ya gane mu, ya ce, "A'a, masu ciwon kai. An samu tsumman?" Yaya ba ta tanka ba. Ya buɗe lasfase ya kira Kawu ya amsa, ya kira ni na amsa. Ya ce, "Habsatu." Ya sake cewa, "Habsatu." Tana kallon sandar da ke gicciye kamar ba da ita ake ba. Sai da na mintsine ta a cinya ta ce, "Na'am." Har gida na ga Kawu yana jan carbi da sauri.

Kun ga yadda aka tare mu, wasunku kuna nan. Abin da ba ku gani ba ya fara ne bayan an watse. Inna ta yi girki yadda na karanta mata, ta zuba a kwanon mai jan zare, ta ajiye mata a bakin ɗaki. Ranar farko Yaya ta ɗan taɓa. Ta biyu ba ta taɓa ba. Da yamma magani ya dawo, da safe ya dawo, wajen hantsi na ga fatar idon ta soma.

Na hura wuta da kaina. Na soya gyaɗa, na jiƙa tsamiya, na yi faten na bar shi ya huce. Na zuba a ƙwarya, na shiga ɗaki na saki labule. Na zauna bayanta na jingina ta da ƙirjina. Na ɗebo na ci, na sake ɗebowa na kai bakinta. Kuma a daidai lokacin, ban shirya ba, na ji bakina ya faɗa a kunnenta, a hankali, "Ci, Tasalla."

Ta ci.

Biyun na yi tare, hannu a ƙwarya da sunan. Wani lokaci ina gaya wa kaina hannun ne, mutum ne da aka ware shekara da shekaru ya sami abokin ci. Wani lokaci in tuna butar da ke ƙarƙashin rumbu. Da zan bar ɗaya in gani da na sani, amma kwalbar tana raguwa, kan bai gama haɗewa ba, kuma ba ni da zuciyar gwaji da ran Yaya. Kwana goma sha shida ke nan kullum haka, sau shida a wuni. Cikinta yana tafiya daidai. Ba ta faɗi ba. Ina istigfari bayan kowace salla, kan ƙaryar da na yi wa Kawu da kan wannan.

Shekaranjiya iska ta ɗaga labulen. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da faifai a hannu, ban san tun yaushe ba.

"Rabi, wa kika kira?"

Kafin in sami abin cewa Yaya ta haɗiye lomarta, ba ta ko juya ba, ta ce, "Ƙyale ta, baiwar Allah. Abinci muka ci."

Inna ta ajiye faifan a ƙasa ta tafi. Wunin ranar da jiya ba ta yi mini magana ba, ba ta kuma faɗa wa Baba ba. Na ji ta tana ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Yau da hantsi ina dama faten ta shigo madafa, ta karɓi muciyar daga hannuna, ta ɗanɗana, ta ƙara ruwan tsamiya. Da ya huce ita ta ɗauki ƙwaryar. Na bi ta ɗaki. Ta wanke hannu, ta zauna bayan Yaya yadda ta ga ina yi, ta jawo ta jikinta. Ta ɗebo ta ci. Ta sake ɗebowa ta kai bakin Yaya, ta ce, "Ci, Habsu." Bakin bai buɗu ba. Ta jira, ta sake faɗa. Faten yana ɗiga ta tsakanin yatsunta a kan zanenta.

Ta ɗago ta dube ni ta saman askakken kan nan.

"Mi kic ce sunan?"

Na faɗa mata.